Miyar da Ba a Sa wa Gishiri Ba

Ranar da abin ya fara, Balaraba tana kwasar tuwo ne. Rana ta faɗa bayan duwatsu, kaji sun hau, ladan bai kai ga kiran magariba ba. Ƙaninta Ɗantani tela yana tsugune a gindin randa yana alwala, 'yarsa Saratu kuma tana riƙe wa gwaggonta akushi. Sai ɗaya daga cikin duwatsun murhu ya zare kansa daga ƙarƙashin tukunya, a hankali, kamar ana jansa da igiya. Miya ta kife a wuta. Dutsen ya tashi ya daki bangon ɗaki har ƙasa ta zubo, ya dawo ya sami Balaraba a ƙauri. Duk gidan aka ji ƙarar ƙashin.

Daga baya Ɗantani ya tuna cewa abin da ya fara shiga kansa shi ne ƙaurin miyar a kan garwashi, kuma ko a wannan hali hancinsa sai da ya gaya masa daddawa ta yi yawa.

Haka Allah ya yi shi. Iyayensa Kanawa ne da fatauci ya ajiye a Jalingo, shi kuma ya tashi da keken ɗinki a bakin kasuwa. Da matarsa ta rasu, kafin Balaraba ta dawo gidan ta riƙe masa yarinya, ya yi wata takwas yana cin abincin waje, kuma abin da larura ta fara sai ya zama ɗabi'a. A zamanin nan na Turawa, rumfar mai tuwo wurin direbobi ne da 'yan dako da masinjojin En'e da leburorin hanya. Magidanci yakan ji kunyar a gan shi a ciki. Ɗantani bai ji ba. Kullum da azahar sai ya lulluɓe keke da ƙyalle ya nufi wata rumfa dabam. Ya san wainar Zulai ta unguwar Kachalla Sembe ba ta da daɗi sai a tandar farko, kafin mai ya gaji. Ya san ranar da Bajukunar bayan tasha take samun ɗanyen tarwaɗa daga Lau, garin bakin kogin Binuwai, da ranar da take ɓoye kwantai da barkono. Ya san wata 'yar ƙabilar Mumuye mai sakwara wadda miyarta ba komai ba ce, amma doyarta ta isa a yi tattaki.

Direbobi kan leƙo rumfarsa su ce, “Tela, ina za mu ci yau?” Inda ya nuna, nan ake cika. Inda ya yamutsa fuska, ƙudaje ne kawai ke zuwa. Ya san haka, kuma yana jin daɗinsa fiye da yadda yake jin daɗin abincin.

Kwana ashirin kafin dutsen murhu ya tashi, ya je gwada rumfar wata dattijuwa mai suna Asta a bakin rafin Mayo Gwoi. Ya yi sammakon zuwa, ya tarar ta gangara rafi ɗiban ruwa. A bayan rumfar, kan wani falalen dutse a gindin giginya, ya ga ɗan akushi an rufe da faifai, yana tururi. Ya ɗauka na wani ɗan gata ne aka keɓe. Ya buɗe: tuwon dawa da miyar karkashi, da tsokar kifi fara tas. Ya zauna ya cinye, ya suɗe hannu.

Asta ta hawo da tulu a ka, leburori biyar na biye da ita.

“Inna,” in ji Ɗantani da ƙarfi don kowa ya ji, “gishiri ya yi ƙaura daga Mayo Gwoi ne, ko ruwan rafi kike dafa wa mutane?”

Leburori suka fashe da dariya. Asta ba ta dube su ba. Akushin take kallo. Tulun ya zame daga kanta ya tarwatse.

“Malam tela, ka ci? Wannan ba na mutum ba ne.”

“Ai na gani,” ya ce. “Mutum ba zai iya ci ba.”

Kafin la'asar maganar ta zaga tasha. Cikin kwana goma ba mai zuwa rumfar Asta. Ta ɗaure tukwanenta ta hau mota zuwa Lau, wurin ɗanta. Ɗantani ya ji labari, ya ci gaba da taka keke.

Abin da ya shigo gidansa ba ya zuwa da tsakar dare. Lokacin kwasar tuwo yake zuwa, tsakanin faɗuwar rana da sallah, kamar wanda ya san ƙa'idar gida. Rana ta biyu, Saratu ce ke girki saboda gwaggonta tana kwance da ɗori. Muciya ta fizge kanta daga hannunta ta fasa mata leɓe. Rana ta uku tukwane huɗu suka fashe a jere, ɗaya bayan ɗaya. Maƙwabta suka riƙa aiko da abinci, sai a buɗe kwano a tarar da yashin rafi, jiƙaƙƙe, har da 'yan ƙwarin ruwa suna motsi a ciki. Duwatsu suna faɗowa daga sama masu sanyi da santsi, irin waɗanda ruwa ya daɗe yana wankewa. Ɗaya ya kashe akuya. Ɗaya ya tsaga wa Ɗantani gira. A duk ɓarnar nan abu guda ne ba a taɓa ba: ƙoƙon gishiri yana nan a kan katanga inda Balaraba take ajiye shi, ko ƙura ba ta hau shi ba.

A rana ta bakwai gidan ya yi tsit. Ba dutse, ba motsi. Saratu ta aza tukunyar aro, miya ta tafasa, ta miƙa hannu za ta ɗauko gishiri. Sai hannun ya tsaya a sama. Ɗantani yana kallo ta juya, ta tsoma hannuwa biyu cikin tukunyar har wuyan hannu, ta ɗebo ta kai baki. Hawaye na zuba a idonta, bakinta kuwa yana tauna.

Ya ruga ya riƙe ta. Yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta kama yatsunsa biyu ta lanƙwasa su baya har suka karye, ta ɗaga shi ta maka shi da randa. Yana kwance cikin ruwa da ɓaraguzai ya ji muryar wani tsoho tana fitowa daga ƙirjinta, kalma ɗaya tak:

“Yunwa.”

Aka kai ta disfensare aka naɗe hannuwan. Aka dawo aka ɗaure ta da sabon yadin da wani ya kawo ɗinki. Duk abin da aka sa wa gishiri sai ta amayar da shi da jini. Wanda ba a sa wa ba sai ta haɗiye ba tauna, kuma ba ya zama a jikinta. Cikin kwana biyar wuyanta ya zama kamar kara. Balaraba ta ce daga kan gadonta, “Ɗantani, yarinyar nan ba za ta kai Juma'a ba.”

Ranar Laraba bayan la'asar aka zo da Modibbo Hammanjoda, wani tsohon malami Bafillace, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya zaga gidan, ya ɗauki dutse ɗaya ya sunsuna, ya tsaya ya daɗe yana duban ƙoƙon gishiri. Ya sa Ɗantani ya ba shi labarin duk inda ya ci abinci a watan. Da aka zo kan Asta, Modibbo ya ɗaga hannu.

“Ya isa. A aza tukunya kamar kullum. Kai kuma, ko me ka ji, ko me ka gani, kada ka amsa masa. Ni zan yi magana. Bakinka ya riga ya gama nasa aikin.”

Maƙwabta biyu suka riƙe Saratu a kan tabarma. Rana ta yi ja. Miya ta fara ɓararraka. Modibbo ya zauna a gabanta ya fara karatu, ba ya ɗaga murya, ba ya sauri. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe tsakar gida. Can yarinyar ta ɗago kai, idanunta a kafe.

“Modibbo, kana ƙona ni a kan haƙƙina,” in ji muryar tsohon nan.

“Wane ne kai?”

“Na gindin giginya. Shekara talatin da ɗaya ina cin ludayin farko. Uwar Asta ce ta fara, shekarar da ruwa ya cinye gaɓa ya bar mata rumfa. Takan ɗebar mini kafin ta sa gishiri, don ba na cinsa. Ban taɓa ko kazar wani ba.”

“Ba kai ka tsare rumfar ba, kuma ba wanda ya wajaba ya ciyar da kai. Don akushi ɗaya ka karya mace, ka dafa hannun yarinya?”

“Akushin na yafe. Mai yunwa ne, ya ci.” Kan yarinyar ya juya a hankali ya fuskanci Ɗantani. “Amma ka tambaye shi. Ko ba gishiri, ya taɓa cin miya kamar wannan? Ya suɗe hannunsa har sau biyu, ina tsaye a kansa. Ya san ta fi duk na garin nan. Ya ga leburori, ya ga abin dariya, ya zaɓi dariya. Ya kore ta. Kwana nawa ke nan dutsena ba kowa.”

Ɗantani ya sunkuyar da kai. Gaskiya ne, kuma bai taɓa faɗa wa ko kansa ba.

“Yarinyar ba ta ci ba, ba ta yi dariya ba,” in ji Modibbo. “Fita.”

“A ba ni ita ta riƙa dafa mini.”

“Ba za a ba ka ba.”

“To a yanka mini baƙin bunsuru a kan dutse.”

“Ko ƙwan kaza ba za ka samu a hannuna ba. Fita don Wanda ya halicce ka.”

Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Yadin ya tsinke. Maƙwabci ɗaya ya faɗa cikin wuta, ɗayan ya bugu da turmi. Jikin Saratu ya gantsare har ƙeyarta ta kusa taɓa dugaduganta, duwatsu suka riƙa zubowa kamar ƙanƙara, ɗaya ya fasa wa Modibbo goshi, jini ya gangaro cikin gemunsa bai dakata ba.

“Zan fita!” muryar ta yi ƙara. “Zan fita, amma ba hannu wofi ba. Harshe ne ya yi mini, da harshe zan tafi.”

Yarinyar ta zaro harshenta ta datse shi da haƙora. Jini ya cika haɓarta. Haƙoran suna ƙara nutsewa, kuma a bayan idanun nan kafaffu Ɗantani ya hango 'yarsa tana kallonsa. Modibbo ya ɗaga masa hannu ba tare da ya juyo ba, yana karatu kamar mai gudu.

“Sake ta!” Ɗantani ya yi ihu. “Ɗauki nawa!”

Komai ya tsaya. Dutsen da ke sama ya faɗo a hankali. Modibbo ya rufe ido.

“Ka ji, Modibbo,” in ji muryar, cikin natsuwa. “Ban roƙa ba. Shi ya bayar.”

Saratu ta yi atishawa sau uku ta zube. A daidai lokacin wani abu ya buge Ɗantani a baki, ya faɗi rigingine, yana ji kamar an cusa masa garwashi. Da ya farfaɗo ana kiran magariba. Ya sa yatsa a baki: harshen yana nan. Ya kira sunan 'yarsa, sunan ya fito daidai. Ta amsa da kumburarren baki, “Baba, ruwa.”

Modibbo yana goge jini da gefen rawani. “Saura aya kaɗan,” ya ce. “Da ka yi shiru, wataƙila da ya fita haka nan. Wataƙila kuma da ta rasa harshen kafin in kai. Allah ne ya sani. Ni ban sani ba.”

Ba a sake jifa a gidan ba. Washegari Saratu ta sha kunu, ya zauna a cikinta. Ɗantani ya ɗauko ƙoƙon nan daga katanga ya lashi gishiri. Yashi ya ji. Ya tauna barkono, ya tauna citta, ya lashi zuma. Duk yashi.

Da yatsunsa suka warke ya hau motar Lau. Ya sami Asta a bakin Binuwai, ta kafa 'yar rumfa kusa da inda kwale-kwale ke tsayawa. Ta gane shi tun daga nesa. Ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ya ce tuwo yake so. Ta shiga bayan zana ta ɗan jima, ta fito ta dire masa kwano.

Ya ci a hankali har ya cinye. Sannan ya juya wajen masunta da 'yan dakon da ke zaune, ya ce da irin muryar da ya yi amfani da ita a Mayo Gwoi, “Ni ne telan Jalingo da direbobi ke tambaya. Duk yawona ban taɓa cin miya kamar ta matar nan ba. Ku faɗa a tasha, ku ce ni na ce.”

Asta ta ɗauki kwanon. Ta dangwali sauran miyar da yatsa ta kai baki, ta juya ta tofar. Tun a bayan zana ta zuba masa gishiri cike da hannu har sau uku, don ta ga fuskarsa ta yamutse kamar yadda ya yamutsa tata, kuma ko ƙifta ido bai yi ba. Ta daɗe tana dubansa.

“Ya zo gidanka,” ta ce a hankali.

“Ya zo, Inna.”

“Wa ya kama?”

“'Yata.”

“Tana ci?”

“Tana ci.”

Asta ta gyaɗa kai. Ta ɗebo ruwa a moɗa ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya sha, kuma tsakanin ruwan da miyar bai ji wani bambanci ba.