Hannun Kawu Ilu

Ke Uwani, ajiye tukunyar nan! Wa ya ce ki watsa tafasasshen ruwa a tsakar gida da almuru, ko bisimilla babu? Zo ki zauna. Ku ma ku matso. Raina a ɓace yake, don abin da ya ja wa babanki masifa ke nan, kuma an ɓoye miki.

Kafin a haife ki, babanki, Kawu Ilu, ya sami aiki a wani asibiti kan tsaunukan Jos. Garin sanyi. Akwai ɗakin bakwaini, da ruwan zafi ake ɗumama shi. Ruwan ya fito daga babbar tukunya, ya bi bututun ƙarfe ya zaga ɗakin, ya koma. Ba ya fita ko'ina. Ruwa ɗaya, shekara da shekaru. Kula da tukunyar nan shi ne aikin Kawu.

Tsohon da ya bar masa aikin, Baba Maikano, ya nuna masa jarkoki a sito. Ya ce, "Ɗana, maganin tsatsa ne. Ka riƙa gwada ruwan kana ƙarawa. Zai yi ja, kada ka damu. Amma kada ka zubar. Sabon ruwa da iska yake shigowa, ita ke cin ƙarfe ta ciki."

Kawu ya ce to. To ɗin fatar baki. Kun san shi da kunnen ƙashi da tsabtar tsiya. Ya ɗebo ruwan ya ga ja, ya ce shi ba zai zaga wa jarirai ƙazanta ba. Ruwan da ko taɓa su ba ya yi! Duk Alhamis sai ya buɗe famfon baya, ya malale shi a ƙasa yana tururi, ya ɗura na rijiya. Jarkokin ko murfinsu bai taɓa ba.

Ana haka Inna ta haife ki, wata bakwai. Kamar ɗan tsako. Aka sa ki a ɗakin nan, ga damina ta kankama. Likita ya ce in ɗumi ya yanke, sai dai haƙuri.

Wata Alhamis da rana tsaka, ana yayyafi, ya zaga baya shi kaɗai. Sai ga mace tsaye wajen famfon, da goyo. Yayyafi bai jiƙa ta ba. Ya dubi ƙasa. Dugaduganta a gaba, yatsu a baya.

Ta yi magana, baki a rufe. Daga cikin bututu muryar ta fito.

"Kai ne magajin Maikano?"

"Ni... ni ne, baiwar Allah."

Ta kwance goyon. Fatar yaron ta saɓule daga wuya har gwiwa.

"Shekara talatin Maikano bai ɗiga mana ko ɗigo ba. Kai ka ƙona mana ƙofa, muka matsa ciki. Yanzu ƙarfenka ya ruɓe a ƙarƙashin ƙasa, yana tsiyaya a kan makwancinmu. Taka tana sama tana shan ɗumi, nawa yana ƙasa yana dahuwa."

Ta ɗora hannu a kan bututun. Wuta na ci a tukunya, amma ƙarfen ya yi sanyi ƙarara.

"Ka gyara kafin la'asar," in ji ta.

Ran nan girman kai ya gudu. Ya ɗauki diga ya haƙa. Da ya kai ga bututun, ya taɓa shi da yatsa, yatsan ya shige. Duk ya zama rariya. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta taga tana ihu, "Malam Ilu, ɗaki ya huce! Leɓen 'yarka ya fara baƙi!"

Ya yanke ruɓaɓɓen, ya haɗa sabo, hannu duk jini. Ya cika ruwa, ya yi bisimilla, ya juye maganin da ya raina har ruwan ya yi ja. Tsiyaya ta tsaya. Bututu bai ɗau zafi ba. Can aka fara kiran salla.

Ya durƙusa cikin taɓo. "Na tuba. Ni na yi laifi, ba ita ba."

Matar ta ce, "Nawa ma ba shi ya yi ba. Kawo hannun da kake buɗe famfo."

Ya miƙa. Ta danna tafinsa a kan ƙarfen. Ya ji ɗumi yana fita daga kafaɗarsa yana shiga bututun. Ƙarfe ya yi ƙara, ya ɗau zafi. A sama wata jaririya ta tsala kuka. Da ya ɗago, ba kowa.

Don haka kada in ƙara ganin waninku ya zubar da ruwan zafi ba sunan Allah, ko ya zaga bayan tukunya shi kaɗai. Ƙasa da masu ita.

Kina hararata? To je ki gaishe shi, ki kama hannunsa na dama. Shekara goma sha bakwai ke nan bai ji ɗumi ba, ko a gaban murhu. Shi ya sa tun kina jaririya da hagu yake shafa miki kai.