Abin da Gimbiya Take Kallo

"Ba zan je ba, Uwata. Na gaya miki ba zan je ba!"

Malam Maman Lawali, tela ɗan Nijar, bai ko ɗago kai daga keken ɗinkinsa ba. 'Yarsa Ikilima tana tsaye a bakin shagon da tikiti biyu a hannu, zafin unguwar Waziriyya ta Jidda yana dukan bayanta. Sunan mahaifiyarsa ya sa mata, shi ya sa tunda take ba ta taɓa jin ya kira sunan nan ba.

"Baba, awa biyu ce fa. A fara bayan la'asar, kafin magariba halas, an tashi."

"Bon. In je in zauna in kalli ƙato da gemunsa yana yi wa wahalar mutane dariya?"

"Leish, don me kake cewa haka? Tsofaffin finafinai ne kawai suke tsokana, waɗanda ba su yi kyau ba..."

"Daga sama suka faɗo? Ba mutum ne ya yi gumi a kansu ba?"

Ƙaton da ake magana a kansa Mahadi ne. Shekara uku ya yi yana ɗaukar kwalaye a wani sito a Madinar Masana'antu da ke nan gefen Jidda, yana kawo wa Baba gyaran riga duk Juma'a, rigar da ba abin da ya same ta. Daga baya ya koma gida Nijar, shi da abokinsa Hassane suka kafa wasan da suka sa wa suna Sinimar Tsokana: a haska tsohon fim mai kwamacala a bango, su biyu su zauna a gaba da abin magana suna yi masa tsiya, jama'a suna faɗuwa don dariya. Sun yi Maraɗi, sun yi Kano da Injamena, yanzu ga su a Jidda na kwana uku.

Wata huɗu ke nan da kawun Mahadi ya zo neman aurenta. Baba ya ba shi shayi, ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya ce shi ba zai ba da ɗiyarsa ga mai cin abinci da ƙasƙantar da mutane ba.

Ikilima ba ta iya musu da mahaifinta. Mutumin da ya goya ta a bayansa yana taka keke tun tana shekara biyu, bayan rasuwar mahaifiyarta Hadjara, da wane baki za ta yi masa gardama? Amma kuma son Mahadi ya riga ya kama ta, irin kamun da ba ya sakin mutum.

Ta durƙusa kusa da keken.

"Baba, ka je ka gani da idonka sau ɗaya. In ka fito ka ce a'a, wallahi ba zan sake tayar da maganar ba. Zan ce masa ya haƙura."

Keken ya tsaya. Ya juyo ya dube ta.

"Kin yi rantsuwa fa, Uwata."

"Na yi, Baba."

Tana fita ta kira Mahadi a waya.

"Zai zo... amma na jingina komai a kan wasan Juma'ar nan."

"Habibti, kwantar da hankalinki! Na ajiye masa fim ɗin da ya fi kowanne. A kasuwar Damagaram na tsinci kaset ɗin, cikin tarkace. Ko gunki ya kalla sai ya dara. Kuma kin san wani abu? Akwai wata gimbiya a ciki, duk sanda na gan ta sai ki faɗo mini a rai."

"Kai dai kowa ka gani ni ce."

"To ya zan yi? Ciwon ke nan."

Ranar Juma'a suka isa wani zauren biki a unguwar Bagdadiyya. Ya cika maƙil: 'yan Nijar, 'yan Chadi, da haifaffun Jidda da Hausarsu ta fi ƙarfi a kunne fiye da a baki. Ƙamshin turaren wuta ya gauraye da na gasasshiyar masara. Mahadi ya ajiye musu kujerun gaba, Baba ya ƙi. Can gefe ya zaɓa, daf da ƙofa, ya ce don in abin ya ishe shi ya fita ba sai ya taka ƙafar kowa ba.

Aka rage fitilu. Bango ya yi fari, ya yi ɗigo-ɗigo irin na tsohon kaset, sannan rubutu ya fito a karkace: *Gimbiyar Rijiya Bakwai. Shiri: Ɗan Birni.*

Ikilima ta ji numfashin Baba ya sauya. Ta ɗauka haushi ne.

"Jama'a," in ji Hassane, "wannan labari ya faru shekara ɗari biyar da suka wuce. Shi ya sa kuke ganin sarkin yaƙi da agogon hannu, don kada ya makara zuwa fagen fama!"

Zaure ya ɗauki dariya. Sai ga jirgin sama ya ratso ta saman kan mayaƙan, ƙasa-ƙasa, yana shirin sauka.

"Ga gudummawa nan ta iso daga Agadas!" in ji Mahadi.

Ikilima ta yi dariya har da riƙe ciki. Rijiyar da ake yaƙi a kanta tayar babbar mota ce aka binne rabi. Wani dogon soja an kashe shi, bayan minti biyu ya dawo da wani rawani, aka sake kashe shi.

"Allah ya jiƙansa karo na biyu," Mahadi ya faɗa da muryar ta'aziyya. "Kada ku tashi, akwai na uku."

Ta juya don ta ga ko Baba ya murmusa. Hannayensa biyu suna kan gwiwoyinsa, ya damƙe su tamau.

Sai gimbiya ta fito.

Siririya ce, baƙa, da lulluɓi mai ruwan goro da aka yi wa ado da ƙyalƙyali. Ta tako a hankali ta tsaya gaban rijiyar tayar, ta ɗago fuska.

Dariyar Ikilima ta tsaya cak.

Hoto ɗaya tak take da shi na mahaifiyarta, ɗan ƙarami na jikin iƙama, katin izinin zama a ƙasar, wanda hatimi ya cinye rabin haɓarsa. Shekara ashirin da uku tana kallon hoton nan. Ta san goshin, ta san 'yar wushiryar. Ba ta dai taɓa ganin fuskar tana motsi ba.

"Ni ba zan bar ƙasar ubana ba," in ji gimbiya, da wata murya mai sanyi, 'yar shaƙaƙƙiya, "ko da rijiyoyin nan bakwai za su ƙafe."

Ashe haka muryarta take... Ikilima ba ta san sanda ta miƙe tsaye ba.

Gimbiya tana cikin magana sai ta waiga gefe, wajen da kyamara ba ta nunawa, ta dawo da kai da sauri.

"Yawwa, an zo wurin!" Hassane ya daka tsalle. "Jama'a, wannan baiwar Allah akwai abin da ta ajiye a gefen can. Ni dai na ce tukunya ta ɗora. Ku taya ni ƙirge. Ɗaya!"

Ta sake waigawa.

"Biyu!" zaure ya amsa.

Ana yi mata albishir da nasarar yaƙi, ta waiga. Jarumi yana bayyana mata soyayya, hannu a ƙirji, ta waiga.

"Bakwai! Takwas!"

Mutane har da buga kujeru. Nan ne Mahadi yake da zancen da ya fi kowanne kashe jama'a, ya ɗaga abin magana, ya juyo wajen ƙofa don ya ga dariyar Ikilima tukuna. Ya gan ta tsaye, hannu a baki, hawaye yana zuba. Ya ga tsohon a kusa da ita, kai a sunkuye. Ya dubi bango, ya sake dubanta.

A hankali ya ajiye abin maganar a ƙasa.

"Tara!" in ji Hassane. "Mahadi, faɗa musu abin da ke cikin tukunyar!"

"Tsayar da shi."

"Me?"

"Na ce a tsayar da fim ɗin, Hassane. Don Allah."

Hoton ya daskare, gimbiya ta waiga rabi. Aka fara gunaguni, wani daga baya ya ce, "Yalla mana, ya shabab, a ci gaba!" Mahadi bai kula ba. Ya sauko daga dandamali, ya ratsa tsakiyar mutane har bakin ƙofa, ya zube a gaban Maman Lawali.

"Baba, ban sani ba. Wallahi tallahi ban sani ba..."

Ikilima ta rufe ido. Shi ke nan, ta yi rantsuwa, kuma ga abin da idon Baba ya gani. Jira take ta ji ƙarar ƙofa.

Sai ta ji Baba ya ce, "Ba ni abin maganar can."

Da kansa ya taka zuwa gaba, yana ɗan ɗingishin da keke ya bar masa. Ya tsaya a ƙarƙashin fuskar matarsa, ya gyara hula.

"Ni ne Ɗan Birni," ya ce. "Kuma ba tara ba ne. Sau goma sha bakwai ta waiga. Na ƙirga tun kafin wasunku su yi wayo."



"A bayan Madinar Masana'antu muka ɗauke shi, Juma'a shida, da kyamarar aro. Mu bakwai ne duka, shi ya sa Othman direba ya mutu sau uku. Takobin nan sandar labulen ɗakinmu ce. Wata biyu muna kwana ba labule, maƙwabta suna gaishe mu ta taga."

Wani ya tuntsire, ya yi sauri ya toshe baki. Baba ya nuna shi da yatsa.

"Yi abarka, ɗana. Ita ma ta yi. Ranar da muka fara haska shi a Waziriyya, mutane suka yi ta birgima, Hadjara ta fi kowa. Ni ne na ji ciwo. Ta ce mini, Lawali, mun sa bayin Allah da ke nesa da gida sun yi dariya, me ya fi wannan? Ban saurare ta ba. Da Allah ya karɓe ta, sai na bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya na farfasa, don kada a sake yi mata dariya. Na manta da wanda na aika wa yayata a Damagaram."

Ya dafa bango, daidai gefen lulluɓin.

"Ba tukunya ba ce. Ɗiyarmu ce, tana wata biyar. Ba mu da mai riƙe ta, sai muka shimfiɗa mata darduma a inuwar mota, nan gefen kyamara. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce Hadjara dubi gabanki, gimbiya ba ta waige. Ta ce gimbiyarka dai, ni uwa ce." Ya ɗaga hannu ya nuna bakin ƙofa. "Ga abin da take kallo can."

Kawuna ɗari uku suka juya. Wata tsohuwa 'yar Chadi da ke kusa ta kamo hannun Ikilima ta riƙe, tana cewa, "Allah ya jiƙan uwarki, ya binti."

"Uwata, ki yafe mini," in ji Baba. "Na ɓoye miki muryarta shekara ashirin da uku saboda girman kaina."

Ikilima ta girgiza kai.

Mahadi yana nan durƙushe inda aka bar shi. "Baba, yau zan cire shi daga wasanmu. Kaset ɗin naku ne, ba za a ƙara..."

"Wa ya ce ka cire? Ka kai shi Riyad, ka kai shi duk inda za ku. Ku yi wa agogon tsiya, ku yi wa Othman, ya cancanta. Amma in an gama ƙirge, ka faɗa musu abin da take kallo." Ya share ido da bakin hannun riga. "Na ce kai mai cin abinci da ƙasƙantar da mutane ne. Yau na ga zaure cike yana jiran maganarka, ka hango hawayen ɗiyata daga nesa, ka ajiye ta a ƙasa ba wanda ya ce maka komai. Bon. Ka ce wa kawunka shayin ranar nan bai ƙare ba, ya dawo."

Wata mata ta rangaɗa guɗa, zaure ya ɗauka da tafi. Mahadi ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa, Hassane yana ta faɗin "Alhamdu lillahi" a cikin abin magana bai san a kunne yake ba.

"To, ku mayar da shi baya," in ji Baba. "Daga inda ta fito. Wannan karon kowa ya yi shiru, ɗiyata za ta gaisa da uwarta."

Ya dawo ya zauna kusa da ita. Hoton ya yi ɗigo-ɗigo, ya daidaita. Gimbiya ta tako da lulluɓinta mai ruwan goro, ta tsaya gaban tayar, ta fara maganar ƙasar ubanta. Yanzu da ba mai dariya, sai aka ji wani ɗan sauti can ƙasa-ƙasa a bayan muryarta, kukan jaririya.

Hadjara ta waiga. Daga inda bangon yake, idonta ya sauka daidai kujerun bakin ƙofa.

Ikilima ta ɗaga hannu a hankali, kamar ɗaliba a aji.

"Ga ni, Umma," ta ce. "Ga ni nan... na girma."