Birkin Mai Kyandir

Akwai bayin Allah da ba sa bambance ja da kore. Wani saurayi yana cikinsu, bai kuwa tabbatar ba sai ran da ya shiga shagon tabarau. Budurwar da ke gwajin ido ta ɗaga masa katin launi, ta ga yana ta murza ido.

"Malam, wace sana'a kake yi?"

"Hannun jari. Farashi ya sunkuya in saya, in riƙe 'yan kwanaki, ya miƙe in sayar."

Ya nuna mata wayarsa cike da zanen kyandirori, kore na tashin farashi, ja na faɗuwa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"To da me kake gane su?"

"Da ƙyar."

Ta karɓi wayar ta mayar da su shuɗi da rawaya. Daga ranar ta raɗa masa Mai Kyandir, shi kuma yana kiranta Hasken Idona.

Sai dai da maganar aure ta taso, mahaifinta, tsohon direban bas, ya ce bai san zancen ba. "Ɗan caca ne. Ga ɗan aminina mai kantin magani, sana'a a zaune."

Saurayi ya ɗauke ƙafa don girmama dattijo. Ita kuwa ta ɗauka ya gudu, domin ya taɓa gaya mata ba ya shiga ciniki sai ya ja layin da zai fita in asara ta zo. Ta tura masa saƙo:

"Mai Kyandir, ni ma ka ja min layi ke nan?"

Amsa ta zo nan take: "Hasken Idona, ke ba ki da layi. Roƙi Baba ya zo ya ga aikina da idonsa."

Dattijo ya zo yana huci, ya zauna gefen kwamfuta. Saurayi ya nuna masa layin da ya ja tun ranar da ya saya. Kamar da gayya, farashi ya gangaro ya taɓa layin. Ya sayar, ko gezau.

"Kai! Ba ka jira ya dawo?"

"Baba, zai iya dawowa, zai iya zarcewa. Ƙaramar asara na zaɓa tun farko. Kasuwa ba ta ƙarewa yau."

Dattijo ya shafa gemu. Can ya ce, "A zamanina ban taɓa tambayar gudun mota ba, birki nake fara takawa. Ɗan caca ba shi da birki. Turo magabatanka."

Ranar ɗaurin aure amarya ta sa shuɗi, don ango ya ganta daga nesa. Mahaifinta ya dafa kansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya kai ku tasha lafiya."