Inda Dogo Yake Zuwa Lokacin Darasi

"Ka ce rashin lafiya ka yi... don Allah, Dogo!"

"Rashin lafiyar shekara biyu?" Ya yi dariya yana gyara jakar kwamfutarsa a kafaɗa. "Auta, dube ni fa da kyau. Ko mura tsorona take ji."

"Ni ba wasa nake ba!"

Kuma da gaskiyarta. A bakin ƙofar gidansu suke tsaye, Abba yana falo yana jiran saurayin da ya ce yana son autarsa. Abba malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta na jami'a, shekara ashirin da shida ke nan, Dogo kuwa ɗalibinsa ne, ajinsu ɗaya da Auta. Ɗalibin da tun daga aji uku ba a ganin ƙeyarsa sai ranar jarrabawa. Abba mutum ne mai sauƙin kai, amma ba ya yafe wa mai gudun darasi. Ranar da ta faɗa masa wanda take so, cewa ya yi, "Sai ya gaya min inda yake zuwa lokacin darasina kafin ya ji amsata."

Wani ɗan shago ne a bayan kasuwa, inda wasu samari ke haɗa wa masu kantuna manhaja. Can ya tare. Ya fito da digiri mai ɗan dama-dama, amma sati uku da gamawa wani kamfani ya ɗauke shi. Ita kuwa Auta da ta zo ta ɗaya, takardarta tana rataye a bangon falo cikin gilashi, watanta goma sha ɗaya a gida.

"Idan ka faɗi gaskiya zai ji ciwo," ta ce. "Idan ya ji ciwo kuma na rasa ka..."

"Haba zuciyata. In fara shiga gidanku da ƙarya? Ba zan yi masa rashin kunya ba, na yi miki alkawari."

Suka shiga. Dogo ya durƙusa ya kwashi gaisuwa, Umma ta kawo ruwa ta nemi gefen kujera ta zauna, don ita ba a ba ta labari. Abba ya leƙo shi ta saman tabarau.

"Ashe haka fuskarka take. To, ina kake zuwa?"

"Koyon aiki, Malam."

"Ni kuma me nake koyarwa? Ɗinki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta kafa wa tayil ɗin ƙasa ido.

"A'a, Malam, Allah ya huci zuciyarku. Mu ɗari da tamanin ne a aji, kwamfuta goma sha biyu ce a ɗakin gwaji, biyar ba sa tashi. Shekara biyun farko sau uku na taɓa ta. A takarda muke rubuta manhaja, ita kuwa takarda duk abin da ka rubuta karɓa take, ba ta cewa ka yi kuskure. Na ji tsoron in fito ban iya komai ba."

"Ban iya komai ba!" Abba ya nuna bango. "Ga wadda ta zauna a ajin nan. Auta, gaya masa yadda kika amsa musu a ganawar neman aikin da kika je watan jiya."

Nan fa ake yin ta. Abin da ta faɗa a gida shi ne, sun ce za su kira. Dogo kaɗai ya san sauran.

Ta dubi mahaifinta, mutumin da yake tsayuwar awa uku a gaban allo har muryarsa ta dushe. Tana son sa har cikin ranta, shi ya sa ta kasa maimaita masa ƙaryar.

"Ban amsa ba, Abba..."

"Kamar yaya?"

"Ba tambayar baki suka yi min ba. Kwamfuta suka ajiye min, suka ce ga manhaja ta ƙi tashi, in nemo inda ta lalace. Minti arba'in ina kallonta. Na san ma'anar kowane layi, wallahi na sani, amma ban san ta inda ake farawa ba!" Hawaye suka ɓalle mata. "Matar da ke gwada ni har ruwa ta miƙo min..."

Abba ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen riga.

"Na rubuta wa hukumar makaranta takarda har na gaji," ya ce a hankali. "Daga baya na daina. Na saba, abin da ya fi muni ke nan. Ban taɓa kawowa a raina cewa 'yata zan tura ta ji kunya ba." Ya juya ga Dogo. "Kana da irin abin da suka ba ta?"

Dogo ya buɗe kwamfuta a kan teburi, ya nemo wani aiki mai kama da shi, sai ya tura wa Auta. Ta share fuska ta jawo ta. Ta karanta jan rubutun da ya fito yana nuna kuskure, ta bi layi-layi, ta goge, ta sake rubutawa. Kafin Umma ta gama cewa "Allah ya ba da sa'a" sau na uku, abu ya tashi.

"Yaushe kika koya?" Abba ya tambaye ta.

"Wata ɗaya ke nan yana nuna min, a ɗakin karatu na unguwa."

"Au! Ashe littafin da ake zuwa karantawa ke nan," in ji Umma. Auta ta rufe fuska da mayafi tana dariya, hawayen ma bai bushe ba.

"Malam," Dogo ya ce, "abin da na yi shekara ina lalube, ita a wata ɗaya ta kama shi. Harsashin naku ne. Ni da na gudu, har yau a wajenta nake tambayar dalilin wasu abubuwan."

Abba ya mayar da tabarau, ya matso da kujera, ya sa yatsa biyu a kan madannai kamar mai taɓa tukunya mai zafi. Ya rubuta layi ɗaya ya danna. Jan rubutu ya fito.

"Ita wannan ba ta san girman malami ba ko?"

"Ba ta san na kowa ba, Malam."

Abba ya ƙyalƙyale da dariya har da buga gwiwa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Auta, rabonta da jin daɗi irin wannan tun ranar da aka ba ta digiri.

Abba ya dubi Dogo. "To saurara. Duk Asabar ka zo ka koya min, don ba zan sake tsayawa gaban yaran mutane da alli kaɗai ba. Amma ka fara turo iyayenka tukuna. Ba zan zauna bare yana kallon kurakuraina ba, gara ɗan gida."