Kujerar Baƙo

"Auta! Wai ina ɗayan ɗankunnena? Grup ɗinmu na waya ya kama da wuta, kowa ya isa sai mu!"

"Yana kunnenki, ranki ya daɗe."

Barkono ta shafa kunnen, ga shi kuwa. Ta ja tsaki tana dariya, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Abokan aikinta na kantin magani ne suka laƙaba mata wannan suna, don in ka faɗa mata ɗaya sai ta mayar maka da goma, kowace da yajinta. Mijinta Auta kuwa mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, kuma sanyin aikin ya biyo shi har gida.

Yau Asabar, ranar fitarsu. Su da abokansu kowace Asabar da yamma sai sun gwada sabon gidan abinci, kuma suna da doka guda: tebur ba ya cika sai da kujera ɗaya ta ƙari, kujerar baƙo. Bi da bi ake yi, wanda layi ya zo kansa shi zai kawo mutumin da bai taɓa zama da su ba. Ta wannan kujerar Auta ya shigo. Ranar ya kifar mata da lemo a sabuwar riga, ta wanke shi tas a gaban jama'a, shi kuwa yana ta murmushi kamar ana yi masa kirari. Ba a rufa shekara ba aka ɗaura aure.

Suka fito falo. Mama, mahaifiyar Auta, wadda ta dawo wurinsu tun rasuwar mijinta, tana zaune kusa da tebur. An jera kwanoni a rufe, ƙamshin kifi ya cika ɗakin.

"Mama, mun fita. A taho miki da wani abu?" in ji Barkono.

"Da me? Mai murhu a gida ba ya bin ƙamshin titi. Allah ya kiyaye hanya."

Amsa ta taho a guje har bakin haƙoran Barkono. Auta ya matse mata hannu, ta haɗiye. Amma suna shiga mota ta fashe.

"Ka gani ko? Kowace Asabar sai ta girka, alhali ta san fita za mu yi! Don dai a ce matarka ba ta san hanyar kicin ba!"

"Haƙuri, Barkonona."

"Haƙurin nan fa ya ƙare a shago, sai dai a yi oda!"

Wurin na yau a saman bene yake, an rataya ƙananan fitilu, hayaƙin gashi yana tashi daga kusurwa. Tun daga matakala suka ji muryar Sarkin Ci, wanda ke karanta menu kamar mai shirin jarrabawa.

"Ga amarya da angon da ba sa tsufa! Ku zauna kafin in cinye tebur!"

"Kar wanda ya taɓa!" in ji Kyamara, ta miƙe da waya a sama. Ita dai abinci ba ya halatta sai ta ɗauke shi hoto. "Sarkin Ci, cire hannunka, plis, kana ɓata mini haske!"

Ana cikin ci Doguwa, malamar makaranta kuma mai tsara tafiye-tafiyensu, ta buga cokali a kofi.

"Albishirinku! An kama mana ɗakuna, tafiya ta tabbata. Wikend mai zuwa, masaukin bakin tafki! Ga kwalekwale, ga iska, ga kifin da ake cewa duk duniya babu irinsa!"

Tebur ya kaure da ihu, har na kusa da su suka waiwayo. Barkono ta rungume Kyamara tana tsalle a zaune.

"Kuma kujerar baƙo taki ce, Barkono," in ji Doguwa. "Ki kawo mana mutum, ba irin wanda Sarkin Ci ya kawo ba, da ya yi barci a kan miya."

Da wannan farin cikin ta kwana. Washegari da sassafe ya ƙone ƙurmus.

Yaya Babba ce ta yi sallama, yayar Auta, wadda in ta yi tari a gidanta sai dangi duka su kama mura. Ko mayafi ba ta cire ba ta sa aka tara mata kowa a falo.

"Na ga hotuna," ta ce tana kaɗa waya. "Ana ta washe baki a saman bene, uwarmu tana nan tana gadin gida! Dubi yadda ta rame, wuya kamar mariƙin lema! Kai Auta, mata ka aura ko direbar yawo?"

"Yaya, ai ba..."

"Rufe mini baki! Yanzu kuma na ji har kwana za a je yi a bakin ruwa. To ki buɗe kunne, yarinya. In kika sa ƙafa kika fita wikend ɗin nan, ki wuce gidanku daga can. Kada ki dawo mana nan. Ni na faɗa!"

Barkono ta dubi Auta. Kansa a ƙasa, yana murza yatsu. Wannan shirun ya fi maganar Yaya ciwo. Kalmomi goma suka yi layi a harshenta, masu zafi, waɗanda in ta sake su ko labule sai ya kama. Sai idonta ya faɗa kan Mama, ta ga tsohuwa ta ƙura wa tafin hannunta ido, ba alamar murna a fuskarta ko kaɗan. Barkono ta danne. Wallahi da ƙyar!

"Na ji, Yaya," ta ce, ta tashi ta shige kicin, hawaye na zuba shar-shar.

Don ta samu abin da za ta huce a kansa, ta janyo kwanonin jiya. Kullum kafin su tashi Mama ta kwashe ta wanke, yau ne kawai zuwan Yaya ya tsare ta. Ta buɗe babban kwano: kifinsu ne ita da Auta, ba a taɓa ba, wannan ba abin mamaki ba ne. Ta buɗe ƙaramin, mai bakin shuɗi, wanda Mama kaɗai ke ci a ciki. Shi ma cike yake. Cokalin da ke gefensa fes, ko maiƙo babu.

Kukan ya tsaya mata cak.

Ba ta ce wa kowa komai ba, ta sa ido. Ran Litinin Auta ya makara a wurin aiki, suka zauna cin abinci su biyu. Ana tsakiyar ci Barkono ta tashi kamar za ta amsa waya, ta laɓe a bayan ƙofa. Mama ta ajiye cokali. Ta naɗe hannu tana kallon kujerar da ke gabanta, abinci yana hucewa. Sai da Barkono ta dawo ta zauna sannan ta ɗauki cokalin. Washegari ta sake gwadawa, haka dai. Ta duba tukunyar rana, lokacin da duk suna wurin aiki, ta tarar ko motsa ta ba a yi.

Ranar Laraba ta tare Auta a ɗaki. Tun Lahadi ba ta yi masa magana mai tsawo ba.

"Mama ba ta iya ci ita kaɗai. Ka sani?"

Ya dube ta. Can ya zauna a bakin gado.

"Baba," ya ce a hankali. "Tare suke ci. Ko ina ya je sai ta jira shi, kwano ɗaya, suna ci suna faɗa a kan gishiri. Innalillahi! Ashe duk Asabar da yunwa take kwana, mu muna can muna selfi?" Idonsa ya kawo ruwa. Ya kama hannunta. "Ki yafe mini shirun da na yi. Ni tsoron Yaya nake tun ina rarrafe. Amma wallahi in kika tafi gidanku, ki tanadar mini tabarma a ƙofar. Bari in kira ta yanzu..."

"Bar Yaya. Kai dai ka ce wa Sarkin Ci ya bar kujerar gaba a bas."

Ta san Mama sarai. In ka ce mata ta zo ta huta, za ta ce ita ba yarinya ba ce. Don haka ran Juma'a ta shiga kicin tana huci, ta dangwarar da jaka.

"Mama, yau na yi faɗa a kanki!"

"A kaina? Da wa?"

"Da abokanmu mana! Wai kifin masaukin nan na bakin tafki ya fi na kowa a duniya. Na ce ƙarya ne, ba ku ci na Mama ba. Sarkin Ci ya ce ai girkin tsofaffi ya wuce yayi!"

Mama ta ajiye wuƙa. "Ya ce me?"

"Ya wuce yayi. Ni ma na ce ba komai, tunda ba mai zuwa ya ɗanɗana ya raba gardama, su ci bakinsu."

Mama ta goge hannu. "Wurin da nisa?"

Ranar Asabar da hantsi bas ta tsaya a ƙofar gida tana ta hon. Mama ta fito da jaka a hammata, fuska a murtuke kamar alƙali zai shiga kotu.

"Wane ne Sarkin Ci a cikinku?"

Bawan Allah, da ba a gaya masa komai ba, ya ɗaga hannu yana fara'a. "Ni ne, Mama!"

"Za mu gani."

Ya juya yana raba ido, Barkono ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Hanya ta yi daɗi! Doguwa ta ɗauko waƙa, aka amsa, Kyamara tana ta ɗaukar shanu da bishiyoyi kamar ba ta taɓa ganinsu ba. Mama tun tana kallon gaba kawai har aka ga ƙafarta tana bin kiɗa. Da tafkin ya bayyana, shimfiɗe yana walƙiya, ta dafa gilashi ta ce, "Ikon Allah! Duk wannan ruwa ne?" A kwalekwale kuwa ta damƙe hannun Barkono gam, tana salati tana dariya, ta ƙi saki har aka dawo gaɓa.

Da rana ta yi ja aka jera musu tebur a bakin ruwa. Doguwa ta ja kujerar baƙo, kowa ya miƙe tsaye ana tafi. Ma'aikacin wurin ya kawo faranti, sai Mama ta zabura za ta karɓa ta raba.

"Zauna, Mama," in ji Auta. "Yau ke za a zuba wa."

Ta zauna tana kallon farantin da wani ya ajiye mata, kamar ba ta san ta inda ake farawa ba. Kyamara ko waya ba ta ɗaga ba. Mama ta gutsuri kifin ta tauna, tebur ya yi tsit.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce. "Amma ba laifi."

Ihu! Sarkin Ci ya ɗaga hannu sama. "Na janye maganar da ban san na faɗa ba!"

Ba laifin nan kuwa sai da ya kai ƙaya zalla a faranti, ta kuma ɗebo daga na Auta. Tana ci tana ba su labarin yadda mahaifin Auta ya taɓa ƙona tukunya ya ce ɓera ne. Can ta jingina, ta dubi Barkono.

"Na ga kina laɓewa a bayan ƙofa, 'yar nan. Inuwarki ta tona ki. 'Ya'yan da na haifa sun ga na rame. Ke kika ga dalili."

Barkono, mai amsa goma, ta nemi ko ɗaya ta rasa. Sai hawaye.

Wayar Auta ta yi ƙara. Yaya Babba ce, kiran bidiyo. Ya ɗauka ya gyara murya.

"Yaya, muna bakin tafki, ni da matata."

"Ta fita ke nan? To ka gaya mata abin da na..."

Mama ta fizge wayar, ta kanga ta a fuska har hancinta ya cika gilashin.

"Ke! Ta fita, kuma da ni ta fita. In ba za ta koma gidan ba, ni ma ba inda zan koma, nan akwai kifi. Ki shirya, Asabar mai zuwa ke ce baƙuwa. Ke mai hoto, zo ki ɗauke mu ki tura mata!"

Aka matso aka cunkushe, Mama a tsakiya, Auta ya saƙalo hannun matarsa ta ƙarƙashin tebur.

"Haƙurin da ya ƙare a shago fa?" ya raɗa mata.

"Odar ta iso," ta ce. "Yi murmushi, ana ɗauka."

Tun daga nan tebur ɗinsu na Asabar ya ƙaru da kujera ta dindindin, da rana kuma Barkono takan kira bidiyo daga kantin magani, ita da kwanonta, Mama da mai bakin shuɗi, suna ci suna faɗa a kan gishiri.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Da Barkono ta saki harshenta ranar Lahadin nan, da ta ci gardama ta rasa gida, kwanon kuma da an wanke shi ba wanda ya buɗe. Ba duk fuskar da ta ɗaure ce ke ƙin ku ba, wata kewa ce ta ɗaure ta. Ku fita, ku ci, ku sha iska, ba laifi ba ne. Amma kafin ku ja ƙofa, ku waiwaya ku ga wa kuka bari a gaban kwano.