Malafar Enos a Fadar Sarkin Faransa

Ranar da Enos Duval ya shiga shagon malafa na Zebulon Garrett, can bayan kasuwar birnin Filadelfiya, Huldah ce kaɗai a ciki tana kakkaɓe hajar mahaifinta. Ya ɗauki wata malafa da yatsunsa da suka yi baƙi da tawadar ɗab'i, ya ɗora a ka, ta zurmo masa har karan hanci.

"Aboki, malafa ka zo saye ko ɗakin kwana?" ta ce, tana danne dariya.

"Ki zaɓa mini, idonki ya fi nawa gani."

Ta zaɓa, ta miƙa hannu ta gyara mata zama a kansa. Tun daga ranar malafar Enos ba ta ƙara zama lafiya ba. Yau baki ya lanƙwashe, gobe zare ya warware, alhali duk garin an san ɗinkin Zebulon ba ya warwarewa.

Dukansu 'yan Jama'ar Abokai ne, waɗanda ba sa rantsuwa, ba sa ɗaukar makami, ba sa kuma cire wa ɗan Adam malafa, ko alƙali ne ko gwamna. Allah kaɗai suke buɗe wa kai, shi ma sai lokacin addu'a. Don haka da farko Zebulon bai ga aibun yaron ba.

Matsalar ita ce abin da Enos ke bugawa a wurin aikinsa. Lokacin mutanen ƙasar sun riga sun ja daga da Sarkin Ingila da ke mulkinsu, kullum sai an kawo sabuwar ƙasida mai cewa an haifi mutane daidai, kuma mulki ba ya halatta sai da yardar waɗanda ake mulka. Ya riƙa karanto wa Huldah su da zumuɗi a bakin rijiyar gidansu.

"To, ni ka nemi yardata kafin ka kafa mulkinka a zuciyata?"

"Ke kika ci ni da yaƙi, Huldah tawa. Ni talakanki ne."

Ana cikin haka Majalisar masu neman 'yancin ƙasar ta nemi mai jin Faransanci da zai bi wakilanta zuwa Faris, ya riƙa kwafe musu takardu, don a roƙi Sarkin Faransa ya shigo yaƙin. Enos ya sha harshen a bakin kakarsa. Bai yi shawara da kowa ba ya amsa, kamar dai yadda samari suka saba.

Zebulon ya ji labari, ya kira shi shago.

"Kun ce kun gaji da sarki, ko? Shi ne za ku haye teku ku durƙusa wa wani sarkin ya ba ku albarushi?"

"Aboki Zebulon, alƙalami kawai zan riƙe."

"Alƙalamin da zai jawo jiragen yaƙi. Ka tafi, ban ɗaure ka ba. Amma in ka buɗe kanka a gaban mutumin nan, kada ka ƙara sa rai da 'yata."

Huldah na bayan labule tana jin komai. Washegari ta tsinci 'yar takarda a bakin rijiya: "Sanyin idona, na so in yi miki sallama, na san in na ga fuskarki jirgin zai tafi ya bar ni. Ki jira ni. Malafarki na kaina."

Ba a daɗe ba sojojin Ingila suka mamaye garin. Wasiƙa ba ta shiga, ba ta fita. Huldah ba ta da abin yi sai ɗinki da kuka a ɓoye. Ba ta san ko ya isa ba, ba ta san ko teku ta haɗiye shi ba, ba ta ma san wace addu'a za ta yi ba. In wakilan sun yi nasara, to, sun shiga fada, kuma ba a shiga fada da malafa. In sun kasa, wataƙila igiya ce ke jiransa. Ta rame har wuyanta ya fito.

Ga kuma Peleg Woolston, mai fataucin fulawa, mutumin da bai taɓa laifi ba saboda bai taɓa yin komai ba. Kullum yana shagon yana shan shayin Zebulon, idonsa na kan Huldah. Shi ne ya fara kawo labarin cewa Faransa ta yarda da ƙawance.

"An ce duk sun shiga gaban sarkin kai a buɗe, har da mutuminki. Ni dai, Huldah, kaina bai taɓa shan iska a gaban kowa ba."

"Shi ya sa abin da ke ciki ya rube," ta ce, ta shige ciki ta fashe da kuka.

Bayan Ingilishi sun janye, Enos ya dawo a rame, ya wuce shagon kai tsaye. Zebulon bai ce masa ya zauna ba.

"Ka cire?"

Huldah ta ƙura masa ido, zuciyarta na roƙonsa ya ce a'a, ko da ƙarya ce.

"A ƙofar fada wani dogari ya miƙo hannu zai cire mini, kamar yadda ake yi wa mutanenmu don a raba gardama," in ji Enos. "Da na bar shi, da yau na ce maka ba ni na cire ba. Sai na ga wayo ne kawai. Na tuna yaran da muka baro suna yaƙi ba takalmi a cikin ƙanƙara. Da hannuna na cire ta."

Zebulon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya koma kan ɗinkinsa. A watan nan aka karanta sunan Enos a taron Jama'a, aka cire shi.

Huldah ta sami mahaifinta a shago.

"Baba, kai ka koya mini cewa a wurinmu ba mai ba da mace aure. Mutum biyu ne ke tashi su ɗauki juna a gaban Allah."

"Haka ne. Ba ni da ikon bayarwa, ba ni da ikon hanawa." Ya ajiye ɗinkinsa. "Amma in kika aure shi, ke ma za a cire ki. Duk wanda ya halarci auren kuma, shi ma haka. Na tsufa a kan bencin taron Jama'ar nan, Huldah. A can na binne uwarki. Ina zan je?"

Suka zauna suna hawaye kamar marayu biyu.

A ɗakin kakar Enos aka taru don auren, da hantsi, 'yan shaidu kaɗan daga maɗaba'a da maƙwabta. Aka yi shirun ibada kamar yadda Abokai suka saba. Huldah ta kasa ɗaga kai, don ta san kujerar da ke kusa da ita babu kowa. Enos ya kama hannunta suka miƙe, ya ce ya ɗauke ta matarsa, zai so ta da amana har mutuwa ta raba su. Ta buɗe baki za ta maimaita, sai ƙofa ta yi ƙara.

Zebulon ne. Ya tsallako dokin ƙofar yana sane sarai da abin da takun nan zai jawo masa. Ya zauna a kujerar.

"Ƙarasa, 'yata. Ina ji."

Ta ƙarasa cikin shessheƙa. Sai tsohon ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, ya cire malafarsa ya ajiye a ƙasa, sauran maza duk suka miƙe suka buɗe kai.

"Ya Ubangiji, ga yaran nan. Ɗaya ya saɓa mini, bai yi mini ƙarya ba. Ɗaya kuma ita kaɗai gare ni. An rufe mana ƙofa mu uku, Kai kada Ka rufe. Ka sa albarka a gidansu, Ka ba su zuri'ar da ba za ta san yaƙi ba."

Aka amsa da amin. Enos ya sunkuya ya tallafo shi, tsohon ya riƙe hannunsa gam.

"Ɗaga ni a hankali, ɗana. Gwiwoyin sun tsufa."