Tikitin Mutum Huɗu

A wajen sunan ɗansa ne Alhaji Muntaka ya tozarta Mika'ilu, mijin ƙanwarsa Bahijja. Yana nuna wa baƙi hotunan hutunsa a Suwizalan, sai ya juyo ya ce, "Malam Mika'ilu, kai ko Kaduna za ka kai iyali sai an yi maka karo-karo."

Kowa ya yi dariya ban da Mika'ilu.

Wata uku ya yi a shagonsa na gyaran waya a Tudun Wada yana buga lissafi: biza, tikitin mutum huɗu, otal na kwana goma, rigunan sanyi. Ko shagon ya sayar ba zai kai rabi ba. Shi kuwa ba ƙanƙara yake son gani ba, idon Muntaka yake son gani.

Wata Laraba, rana tsaka, ya je wajen boka Ɗantsoho a bayan Dutsen Abba. Bukka ce ba taga, ƙasanta a jiƙe, sai ƙarni. A tsakiya ga baƙar tukunya an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, ƙyallen yana hawa yana sauka kamar ƙirji.

"Kuɗi za su zo," in ji boka. "Amma mai tukunya ba ya kyauta. Jinin wa?"

"Na Muntaka."

"Duk inda jinin yake?"

"Duk inda yake! Kada a bar ko ɗigo."

Boka ya sa shi ya tofa yawu sau uku a kan tukunyar, sannan bokan ya yi murmushi.

Kuɗi suka zo kamar an ɓalle famfo. Aka tafi Suwizalan. Kullum Mika'ilu sai ya tura wa Muntaka hoto, yana jiran labarin rasuwarsa.

A kwana na huɗu 'yarsa Hanifa ta faɗi a bakin tafki, ba ta tashi ba. Na shida ɗansa Ashraf ya bi ta, jini na tsiyaya daga hancinsa. Likitoci ba su ga ciwon komai ba. Sannan Mika'ilu ya tuna jinin wa matarsa ta ba 'ya'yansa.

Ya durƙusa ya gaya mata. Ba ta yi kuka ba.

"Ni ce ta gaba ke nan," ta ce. "Zan tafi. Amma wallahi ba inda za ka ɓuya mini."

A jirgin dawowa ta cika, hannunta riƙe da wuyan rigarsa.

Muntaka na nan da ransa har yau. Mika'ilu kuwa yana ƙarƙashin gadar Kwangila, tsirara, yana gudu yana waige yana ihu, "Sake ni, Bahijja!"

Kai da ƙyashi ke ci, ka dube shi da kyau kafin ka tafi neman boka.